Ga ƴar'uwar da ke neman littattafan dabbobi domin ɗanta na CE1

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun da safe na ga tambayarki, na kasa wucewa, sai da na gama girkin rana na zauna don in ba ki amsa a natse. Kin ce yaronki shekararsa 8, yana CE1, aji na uku na firamare, in aka ce ya ɗauko littafin lakwal sai hawaye, amma in ya ga dabba a waya ko talabijin ko ƙyaftawa ba ya yi. Kina tambaya ina ake samun littattafan dabbobi na yara a nan Damagaram, kuma da wanne za ki fara, na Faransanci ko na Hausa. Wallahi kamar ɗana na biyu kika kwatanta. Abin da kike ciki na shiga shi shekaru 3 da suka wuce, kuma har yau in na tuna wani abu a ciki zuciyata tafasa take yi.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauka tsada ita ce kyau. Na hau kabu-kabu na je wani shagon littattafai, mai shagon ya miƙo mani wani ƙato mai bango mai tauri, takarda tana sheƙi, ya ce irinsa ƴaƴan manya ke karantawa. Jika 6 na biya, kuɗin adashina. Da muka buɗe a gida, shafin farko wani tsuntsu ne na ƙasar ƙanƙara, na biyu kangaru, na uku wani kifi mai haƙora. Rubutun ƙanana kamar tururuwa, Faransancin kuwa ni da na yi kwaleji sai na tsaya na sake maimaitawa. Yaron ya kalli hotuna kwana 2, ya tambaye ni ina akuya, ina jaki, ina zabo. Babu ko ɗaya. Ya ajiye shi, ƙanwarsa ta yage bangon.

Kakarsu ce ta buɗe mani ido ba tare da ta sani ba. Lokacin hutu muka je Mirya, kullum bayan isha'i tana yi masu tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi, kura da dila, kurege da bushiya. Sai na ga yaron da aka ce ba ya riƙe komi yana maimaita tatsuniya daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, bai zubar da ko kalma ba. Da muka dawo na saya mashi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 100 da kala. Kowace dabba shafi guda: ya zana ta, ni in rubuta sunanta da Hausa da manyan baƙaƙe, a ƙasa sunan Faransanci, sai layi ɗaya ko biyu na abin da shi da kansa ya faɗa a kanta. Akuya tana cin takarda. Shamuwa ta zo, ruwa ya kusa. Hawainiya tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Cikin wata 2 ya cika shafi 30 da wani abu, kuma yana karanta su da kansa, yana bin baƙi da yatsa. Ranar da ya karanta "ƙadangare" ba tare da na taimaka ba, sai da na shiga ɗaki na yi sujada.

To, ranar wata Talata ya saka kayen nan a jaka ya tafi da shi lakwal, ban sani ba. So yake ya nuna ma abokansa. Lokacin rakare suka taru a kansa suna kallo, aka koma aji ba su watse da wuri ba. Mushen ajin ya karɓe kayen. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi makarantar ba, Allah ya san shi. Ya buɗe a gaban yara sama da 70, ya ɗaga shafin jaki, ya ce ga hoton mai littafin, ya zana kansa da kansa. Aji ya fashe da dariya. Sannan ya ce nan ba wurin tatsuniya ba ne, wanda ke son Hausa ya koma gindin murhu wurin uwarsa. Ya kama kayen ya tsaga biyu, ya sake tsagawa, ya jefa a kwandon shara.

Ƙanwata, yaron nan da aka tashi bai taho gida ba. Ya jira kowa ya fita, ya koma ya tsince guntayen daga shara, ya cusa cikin rigarsa. Ni ina nan ina leƙen ƙofa, rana ta take, abinci ya huce, har na aiki yayansa nemansa. Da ya shigo bai yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mani rai. Ya zaro takardun daga ƙirjinsa, sun jiƙe da gumi, kalar ta narke ta ɓata mashi singileti, ya shimfiɗa su a tabarma yana ƙoƙarin haɗa kan jimina da jikinta. Ya ɗago ya ce, "Inna, ni jaki ne?" Har gobe ina jin muryar nan. Daren nan bai ci tuwo ba, ni ma ban ci ba. Washegari na yafa mayafi na je. Diraktan ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni haƙuri. Shi kuwa mutumin ko kallona bai yi ba, ya ce iyaye mata ne ke lalata ƴaƴa, shi aikinsa yake yi. Na ce mashi aikinka ka koya mashi karatu, shekara guda ba ka iya ba, na koya mashi a tsakar gida, sakamakona ke nan? Ya juya ya shige aji. Babansu ya ce in bar maganar, kar a tsangwami yaron. Na bari, amma ban yafe ba tukuna, Allah ya gani ina ƙoƙari. Mu da muka sha rataya sambol a wuya don mun yi Hausa a farfajiyar lakwal, na zaci wannan zamani ya wuce da mu.

Wata guda cur yaron bai taɓa kala ba. Sai da na sayo salatif muka liƙe shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yarda muka buɗe sabon kaye. Yanzu yana CM2, ajin ƙarshe na firamare, alhamdu lillahi, kuma Faransancinsa ya fi na yayansa a lokacin da yake ajin.

Shi ya sa amsata ga tambayarki ta biyu ba ni da shakka a kanta: ki fara da Hausa, ko mai harshe biyu, Hausa a sama Faransanci a ƙasa. Yaron da ya san akuya, ya ji warinta, ta taɓa cinye mashi ƙosai, in ya ga a-ku-ya a rubuce, aiki ɗaya ne gabansa, haɗa baƙi. In kika ba shi dabbar da bai taɓa gani ba, da sunan da bai taɓa ji ba, cikin harshen da bai gama kamawa ba, kaya uku kika ɗora mashi lokaci guda. Kuma kar wani ya ce maki Hausa za ta kashe mashi Faransanci. A nan garin namu, a Zango, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci tun 1973. A 2025 kuma hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu abin kunya a ciki.

Wurin samu kuwa, gaskiya sai kin sa ƙafa. Akwai ƙananan littattafan yara cikin harsunan gida da Albasa ta wallafa, akwai na Gashingo a Yamai. Ni guda 2 na samu wurin wata malama mai ritaya a unguwarmu, ta ba ni aro na yi fotokofi na mayar mata. Ki tambayi tsofaffin malaman makarantun harshe biyu, da yawansu suna da akwati a ƙarƙashin gado. In kina da mai zuwa Yamai ki ba shi saƙo. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin Kasuwar Dole ma kar ki raina su, sai dai ki tsuguna ki tona da kanki, don a cikin tarin na lissafi da na nahawu ake dacewa da na yara, kuma da ƴan daloli. Masu zuwa Kano kan zo da na can, suna da kyau, amma ki lura su 'y suke rubutawa inda mu muke sa ƴ, ki nuna mashi sau ɗaya zai gane. A intanet akwai African Storybook da Bloom Library, kyauta ne, suna da labarai da Hausa, da yawa na dabbobi. Shawarata ki sauke ki kai a buga maki a takarda, ko baƙi da fari ne, shi ya shafa kala da kansa. In kika miƙa mashi wayar, minti 5 zai bar labarin ya koma bidiyo. Na gwada, na gani.

Kafin ki biya kuɗi, ki buɗe tsakiyar littafin, ba farkonsa ba. Ɗan CE1 layi 2 zuwa 4 a shafi ya ishe shi, baƙaƙe manya, hoto yana faɗin abin da rubutun ke faɗi. In da hali ki je da shi, ya karanta shafi guda a tsaye. In ya yi tuntuɓe a kalma sama da 5, ki ajiye, ba nasa ba ne bana. Kuma siriri ya fi. Yaro yana son ya ce na gama littafi.

Wani abin da ke ba ni takaici, ƴaƴanmu sun san dabbobin ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, ba su san na ƙofar gidansu ba. Tambayi ɗan CM me ya sa ake ce ma ƙungiyar ƙwallonmu Mena, ki ji shiru. Alhali sunan wata barewa ce mai dogon wuya, cikinta fari, da ta kusa ƙarewa a duniya, kuma cikin ƴan wuraren da ta rage har da dutsen Tarmit, arewa da Tasker, cikin gandun da aka keɓe a 2012. A Kelle ta wajen Gure akwai wurin da ake kiwon jimina mai jan wuya don kar irinta ya ɓace. Ɗana da na gaya mashi ƙwan jimina ɗaya ya kai na kaza wajen 24, sati guda yana ba kowa labari, har mai shayin bakin titi. Raƙuman dawa na Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, a 1996 guda 49 kacal suka rage, aka tsare su suka hayayyafa suka zama ɗaruruwa, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji ta jihar Maradi. Wuyan nan nasu mai tsawo ƙashi 7 ne a ciki, daidai da na mutum. Ki faɗa ma yaro wannan ki ga yadda zai shafa wuyansa. Ga dorinar Ayoru, ga giwaye da ɓaunar gandun W, ga jar akuyar Maradi, ga shanun Azawak. Duk waɗannan in ba ki samu a littafi ba, ki rubuta su da hannunki a kaye. Ni haka na yi.

Sai dai ki raba mashi tatsuniya da gaskiya tun da wuri. Nawa ya daɗe yana gardama cewa kura wawuya ce saboda kullum Gizo na cutarta, kuma wai tozon raƙumi ruwa ne a ciki. Sai da mahauci ya nuna mashi tozo ya ga kitse ne. Mun raba kayen biyu, gaba na "an ce", baya na "mun gani". Shamuwa ta shiga na "mun gani", don shi ya rubuta ranar da ta fara sauka kan bishiyar maƙwabta, ya ƙirga kwanaki har ruwan farko. Malaminsu na allo ma ya taimaka, Allah ya saka mashi, ya sa shi ya nemo surorin da ke da sunan dabba: Baƙara, Nahli, Namli, Ankabut, Fili. Da ya ji labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya daina harbin tsuntsaye da danƙo. Kin ga bambancin malami da malami. Ɗaya ya tsaga, ɗaya ya ɗinka.

Abin da zan roƙe ki, kar ki mai da littafin dabbobin nan darasi. Kar ki ce sai ya karanta kafin ya ci abinci, kar ki riƙe bulala, kar ki gyara mashi kowace kalma. Bayan magariba ki zaunar da shi jikinki, ki karanta shafi, ya karanta shafi, in ya gaji ku rufe. In ya ce a sake na jiya, a sake, ko sau 10 ne. Kuma don Allah, abin da kuka yi da hannu ya zauna a gida. Ki duba jakarsa da safe. In kina son malaminsa ya gani, ki kai da kanki, ki fara karantar fuskarsa tukuna. Akwai malamai na kirki masu yawa, madam ɗin da ta karɓe shi a CE2 har aron kayen ta yi ta nuna ma ajinta, amma ni sau ɗaya aka ƙone ni kuma ya ishe ni.

Fotokofin nan guda 2 suna nan, da wasu labarai 6 da na sa aka buga, ƙanwarsa ta gama da su. In kina kusa da unguwar Birni ki yi mani magana ta gefe, in ba yayansu ya kawo maki ranar Lahadi. Tsohon kayen mai salatif ne kawai ba zan iya bayarwa ba, amma zan ɗauki hoton shafukan in turo maki ki ga yadda muka tsara.