Ɗana, Ga Dalilin Da Ya Sa Ake Raba Kayan

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa sojoji ba sa haɗa harsasan igwa da fiyus ɗinsu a mota ɗaya ko da akwai sauran wuri, kana cewa ko camfi ne kawai na tsofaffin sojoji. Ba camfi ba ne.

Abin tayar da bam, wato fiyus ɗin, ƙarami ne, amma shi ne mai saurin fushi. Ɗan bugu ko zafi ya ishe shi. Harsashin igwa mai milimita 155 kuwa, wanda nauyinsa ya kai kilo 43, yana da haƙuri, sai an tsokane shi. Idan an raba su, ƙaramin ya tashi, asara kaɗan ce. Idan an haɗa, shi zai ta da babban. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa abubuwan fashewa rukuni-rukuni: 1.1 shi ne mai tashi gaba ɗaya lokaci guda, 1.2 mai watsa tsagin ƙarfe, 1.3 mai gobara, 1.4 mai ƙaramin haɗari. Harafin da ke bin lambar, B ko D misali, shi ke nuna abin da za a iya lodawa tare.

Wajen lodi, nauyi ke cika mota tun wuri bai cika ba. Wanda ya bi ido ya ƙara akwatuna, birki da taya za su yi zafi, kuma daga nan gobara ke yawan farawa. Ana tokare akwatunan da katako, a ɗaure su tamau, a sake duba ɗaurin bayan an ɗan yi tafiya, don girgiza na sassauta shi. Motocin kwamba su bar tazara, ba sigari, ba ashana. Wuta kuma in ta kai ga kayan 1.1, ba a kashe ta, gudu ake yi.

Harsashi mai farin fosfarus a tsaye ake ajiye shi. Sinadarin na narkewa a zafin maki 44 na ma'aunin Celsius. In ya daskare a kwance, sai nauyin ya karkata gefe guda, harbi ya kauce.

Batun gaggawa da ka raina kuwa, a Port Chicago ta Amurka, ranar 17 ga Yulin 1944, ana lodin jiragen ruwa cikin rige-rige da ma'aikatan da ba a horar da su sosai ba, kayan suka tashi, mutum 320 suka mutu nan take.

Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka