Saɓar da ke maƙalewa a yatsun kulɓa mai shuɗin harshe

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa tsohuwar fata ta maƙale a yatsun kulɓarka mai shuɗin harshe, irin ta Indonesiya da Ostareliya da ake kiwo a gida, bayan ta yi saɓa. Galibi ƙarancin danshi ne a iskar wurin da ka ajiye ta, musamman idan 'yar Indonesiya ce, domin tana bukatar danshi kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, fiye da 'yan Ostareliya. Ka sanya ta a ruwa mai ɗumi, iya ƙafafunta, na minti 15, sannan ka goge yatsun a hankali da jiƙaƙƙiyar auduga. Kada ka fizgi fatar, kuma don Allah kada ka yi jinkiri, saboda busasshiyar fata takan ɗaure yatsa kamar zobe har jini ya daina isa, yatsan ya guntule. Idan ya fara baƙi, ka garzaya da ita wurin likitan dabbobi.