Takalmin Doki Ba Na Kwana Ba Ne

Na ga saƙonka, wai takalmin robar da ka sa wa dokin nan yana juyawa in an yi sukuwa har ɗaya ya fice a kan kwalta, kana tambaya ko ka ƙara matse maɗaurin ko ka bar masa shi dare da rana har ya saba. Kai yaro, maganar barinsa a ƙafa ce ta sa na amsa yanzu, da sai ka zo barga.

Takalmi in yana juyawa ya yi masa yawa ne kawai, matsewa ba za ta gyara komai ba sai dai ta saɓule masa fatar dunduniya. Awo ranar da aka yanke kofato aka bi shi da magagari ake yinsa, da milimita ba da ido ba, faɗi a inda ya fi faɗi, tsawo daga gaba zuwa inda bangon kofaton ya ƙare, ban da tsokar nan mai taushi ta baya. Kowace ƙafa da awonta, na gaba sun fi zagaye, na baya sun fi tsukewa. Ku yaran yanzu sai ku auna ƙafa ɗaya ku ɗauki hoto a waya ku ce an gama. Yadda ake ɗaga ƙafa da kankare ƙasan kofato kuma ba zan ɓata bakina ba.

Akwai wani Alhaji a Unguwar Rimi a Kaduna, yana da wani akawal mai kyau da zai kai Zariya Hawan Daushe, dokin ba a buga masa ƙarfe kuma tsakuwa na damunsa. Ya ce in samo masa takalmin robar doki mai suna Easyboot, na Amurka, guda huɗu. Ya ba ni ɗan kafin alƙalami, sauran na cika da kuɗin da nake tarawa na ragon layya, don a ganina babban mutum ne. Kaya suka iso, na yanke kofaton da hannuna na sa masa, suka zauna daram, ko da hannu biyu ka murɗa ba sa motsi. A gabansa na ce wa yaransa in an dawo kilisa a cire, a wanke yashin ciki, a shanya, a bar ƙafar ta sha iska. Sallar a damina ta faɗo. Toh su ganin wahalar cirewa suka bar doki a turke cikin laka da fitsari da takalmi a ƙafa har kusan mako. Da aka kira ni na cire, wallahi warin sai da ya kore ni baya, tsakiyar kofaton ya yi baƙi ya jiƙe yana ruɓewa, dunduniya duk ta ɗaye, doki na ɗingishi ana jibi hawa. Buɗar bakin Alhaji sai cewa ya yi na kawo masa jabu na nakasa masa doki, ba zai biya ko sisi ba, a gaban mutane fa, ni da polo ma ake kirana. Na ce to a ba ni kayana, ya ce an zubar. Bayan Sallah na gan su da idona a ƙafar wani kilinsa wajen Murtala Square, har da alamar da na yi musu da jan fenti a ciki, don sai da na sa yaron ya cire ɗaya na duba. Har yau in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo min hannu.

Kofato yana tsiro kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, shi ya sa duk mako 4 zuwa 6 sai an sake yankewa, in ba haka ba takalmin da ya zauna yau gobe ba zai shiga ba. Sabon takalmi kuma ba a fara shi da doguwar tafiya, ɗan zagaye kaɗan ka cire ka shafa dunduniya ka ga ko gashi ya goge.

Wannan da ya fice kar ka sake sa shi. Ka zo da shi gobe da tef ɗin awo in ga abin da ka auna, kuma ka gaya wa mai dokin in sabo za a sayo kuɗi duka a hannu, ba rabi ba.