Filin Tambaya da Amsa: Kujerar motar ɗana ta yi masa kaɗan, wace iri zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara ɗaya da wata takwas, kuma a awon da aka yi masa a asibiti watan jiya nauyinsa kilo 12 ne, tsayinsa santimita 84. Kujerar mota da muka saya masa tun kafin suna ta yi masa kaɗan, domin kansa ya kusa kai bakinta na sama, ƙafafunsa kuma suna tokare da jinginar kujerar baya. Maigidana yana so mu sayi wadda take fuskantar gaba don yaron ya riƙa kallon hanya. Surukata kuwa tana ganin ɓarnar kuɗi ce, tunda ita a cinya ta riƙe 'ya'yanta duka. Motarmu Toyota Corolla ce ta 2010, tokumbo daga Amurka, kuma muna yawan bin hanyar Zariya zuwa Kano. Na ga kujerun gwanjo masu araha a kasuwa. Wace shawara za ku ba ni?

Daga wata uwa a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Kin ambaci alamu biyu, amma ɗaya ce kawai take nuna cewa lokacin sauya kujera ya yi, wato kan yaron. Ƙa'idar da masu ƙera kujerun suka fi bayarwa ita ce, idan tazarar da ke tsakanin saman kan yaro da bakin kujerar ta gaza santimita biyu da rabi, ko kuma ya kai iyakar nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikinta, to ya wuce ta. Yawancin kujerun jarirai suna tsayawa ne a kilo 13, saboda haka ɗanki yana bakin iyaka ta kowace fuska. Maganar ƙafafu kuwa kada ta dame ki. Gaɓoɓin ƙaramin yaro suna da laushi, yana naɗe ƙafa ko ya miƙe su a jikin jingina ba tare da ya takura ba, kamar yadda kike ganin sa yana zama a kan tabarma.

Shawarata a taƙaice ita ce ki saya masa babbar kujera wadda ake iya girkawa ta fuska biyu, sannan ki ci gaba da zaunar da shi yana fuskantar baya har sai ya kai iyakar da kujerar ta yarda. A nan na saɓa wa ra'ayin maigidanki, kuma ina so ki karanta masa dalilin, domin na tabbata shi ma lafiyar yaron yake nema. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, alhali na babban mutum bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, kuma ko a shekara biyu kan yaro yana da girma idan aka kwatanta da ƙarfin wuyansa, wanda ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Idan mota ta yi karo ta gaba, wanda shi ne karon da ya fi yawa kuma ya fi muni, yaron da yake fuskantar gaba ɗamara za ta riƙe masa ƙirji da kafaɗu, amma kansa zai fizgu gaba da ƙarfi, wuyan ne kaɗai zai ɗauki wannan nauyi, kuma lakar da ke cikinsa ba ta jure miƙewa. Wanda yake fuskantar baya kuwa, jikinsa gaba ɗaya zai nutse cikin kujerar, ƙarfin bugun ya bazu a gadon baya da ƙeya da kafaɗu lokaci guda.

Wannan ilimi ya daɗe. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya fara tsara kujerar yara mai fuskantar baya a farkon shekarun 1960, bayan ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati rigingine don su jure fizgar tashin kumbo. Har yau iyaye a Suwidin suna barin yara a haka har kusan shekara huɗu, kuma ƙasar tana cikin waɗanda yara suka fi tsira a haɗarin mota. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, wadda a 2011 ta ce a jira shekara biyu, ta sauya matsayinta a 2018 ta ce a bar yaro yana fuskantar baya iya tsawon lokacin da kujerarsa ta ba da dama. Game da kallon hanya, babbar kujera ta fi ta jarirai tudu, zai riƙa gani ta tagar gefe da gilashin baya.

Ita kuwa Hajiya, a yi mata bayani cikin ladabi, domin maganarta daga ƙauna ta fito, kuma gaskiya ne Allah ya kiyaye mata nata. Abin da ya kamata ta sani shi ne, karon mota mai gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma babu hannun da zai iya riƙe yaro mai kilo 12 a wannan ƙiftawar ido, komai son da ake yi masa. Idan mai riƙon ba ta sa bel ba, jikinta ne zai danne shi, idan kuma aka zagaya bel ɗaya a kan su biyu, cikin yaron ne zai matse tsakaninta da bel ɗin. Gudun da ake yi a hanyar Zariya zuwa Kano ya ninka wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar da aka girka daidai tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kusan kashi 71 cikin 100, hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka kuma ta ƙiyasta kashi 54 ga yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Ɗaure yaro yana cikin riƙo da sababi, wanda addini ya umarce mu da shi tare da tawakkali, kuma ina ganin idan ɗanta ne ya faɗa mata haka za ta fi saurin karɓa.

Yanzu sai abin da za ki duba a shago. Ki juya kujerar ki nemi takardar shaida da aka manna a bayanta ko ƙasanta. Kujerun da aka yi wa gwaji bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya suna ɗauke da tambari mai ruwan lemo da harafin E a cikin da'ira, kuma za ki ga an rubuta R44/04 ko R129. Ta farko tsohuwar ƙa'ida ce da take rarraba yara bisa nauyi, inda rukunin ɗanki na gaba yake daga kilo 9 zuwa 18. Ta biyu, wadda ake kira i-Size, ta fara aiki a 2013, tana auna yaro da tsayi, ta haramta fuskantar gaba kafin wata 15, kuma ta ƙara gwajin karo ta gefe, wanda babu shi a tsohuwar. Tun watan Satumba na 2024 Tarayyar Turai ta daina barin a sayar da sababbin kujerun R44, don haka idan kin sami zaɓi ki ɗauki R129 wadda take kai yaro santimita 105 yana fuskantar baya, wato kimanin shekara huɗu. Kujerun Amurka suna da tasu shaidar, FMVSS 213, kuma da yawansu suna ɗaukar yaro ta baya har kilo 18 ko 22. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu, ko da ta yi kyau a ido, musamman irin mai kama da katifa da igiyoyi wadda ake ratayawa a jikin kujerar mota, ki bar ta a inda kika gan ta.

Batun gwanjo yana buƙatar natsuwa, domin na san halin da aljihu yake ciki. Matsalar ita ce ba a sanin tarihin kujerar. Wadda ta taɓa shiga haɗari tana iya samun tsaga a cikin robarta wadda ido ba ya gani, kuma kujeru suna da wa'adin aiki, galibi shekara shida zuwa goma daga ranar ƙira, wanda ake bugawa a jikin robar. Zafin rana irin na Afrilu a ƙasarmu, da mota take yini a cikinsa a rufe, yana ƙara gajiyar da roba. Idan dole ne sai ta hannu, gara ki karɓa daga 'yar'uwa ko ƙawar da za ta gaya miki gaskiyar abin da kujerar ta gani, ki tabbatar wa'adinta bai cika ba, ɗamararta ba ta zaizaye ba, maɓallinta yana kamawa da ƙara, kuma littafin bayaninta yana nan ko za ki iya sauke shi daga intanet. Sabuwa mai sauƙin kuɗi wadda take da shaida ta fi mini tsohuwa mai babban suna wadda ba a san daga inda ta fito ba.

Kada ki biya kuɗi sai kin gwada kujerar a cikin motarku, saboda kujera mai kyau da aka girka ba daidai ba ta rasa mafi yawan amfaninta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga Satumban 2002 suna da ƙananan ƙarafuna biyu a lungun da mazauni da jingina suka haɗu, a kujerun baya na gefe, waɗanda a can ake kira LATCH, a Turai kuma ISOFIX. Corolla ɗinku tana da su, ki sa yatsa a lungun za ki ji su. Idan da bel za ki girka, ki zaro shi har ƙarshe sannan ki sake shi a hankali, za ki ji yana ƙara yana kullewa, a nan ne za ki danna kujerar da nauyinki ki tsuke. Ki yi amfani da hanya ɗaya kawai, ƙarafunan ko bel, sai dai idan littafin kujerar ya ce a haɗa. Bayan kin gama, ki kama ta daidai inda bel ya ratsa ki jijjiga, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Wurinta kujerar baya ne. Kujera mai fuskantar baya ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ta kariya, wato airbag, take aiki, domin idan jakar ta fashe kan yaron za ta fara duka, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana gargaɗin a zaunar da duk yaron da bai kai shekara 12 ba a baya.

Saura ɗaure shi kansa, wanda shi ne aikin kullum. Yayin da yake fuskantar baya, igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, ranar da aka juya shi gaba kuma su koma daidai kafaɗa ko sama kaɗan, a kuma ɗaura igiyar saman kujerar a ƙugiyar da ke bayan jingina. Ki tsuke ɗamarar har sai kin kasa tsunkular ta da yatsu biyu a kan kafaɗarsa, idan kuma kujerar tana da maɓallin ƙirji, ya tsaya daidai hammata. Da hunturu ki cire masa rigar sanyi mai kauri kafin ki ɗaure shi, ki lulluɓa masa ita ta sama, saboda auduga tana matsewa a lokacin karo ta bar ɗamarar sako-sako. Da bazara kuma ki taɓa ƙarfen maɓallin da hannunki kafin ki zaunar da shi, kuma ki riƙa yafa wa kujerar farin zane idan za a ajiye motar a rana.

Za ki ga ana tallar ƙaramar kujerar ɗagawa, wadda yaro yake hawa a ɗaure shi da bel ɗin manya. Wannan ba ta ɗanki ba ce yanzu, sai ya wuce shekara huɗu, ya fi ƙarfin ɗamarar kujerarsa, kuma ya iya zama a miƙe tsawon tafiya ba tare da zamewa ba. Daga nan zai ci gaba da hawanta har bel ɗin mota ya zauna masa a tsakiyar kafaɗa da saman cinyoyi, wanda a Ingila doka ta sa santimita 135 ko shekara 12, a Jamus kuma santimita 150. Idan ya yi kuka a kwanakin farko na sabuwar kujerar, ki zauna kusa da shi a baya, a tafiya mai nisa kuma ku riƙa tsayawa a wuri mai aminci ya sauka ya miƙe ƙafa, sannan a mayar da shi a ɗaure kafin motar ta tashi.