Buɗe Fayilolin Ofis Daga Nesa: Ina Haɗarin Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin ofishin lissafin kuɗi a Wuse, Abuja, kuma duk takardun waɗanda muke yi wa aiki suna cikin sabar ofis, wato kwamfutar da take ajiye mana fayiloli. Nakan tafi Jos a ƙarshen mako, sai buƙatar wata takarda ta taso. Yaron da yake duba mana kwamfutoci ya ce zai buɗe wata ƙofa a rautar ofis, wato na'urar da take raba mana intanet, domin in riƙa shiga kai tsaye. Akwai matsala? Daga wata mai karatu a Wuse.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakatar da shi tukuna. Ƙofar da yake nufi ba za ta wuce mai lamba 445, wadda Windows take raba fayiloli ta cikinta, ko 3389 ta sarrafa kwamfuta daga nesa ba, kuma masu kutse suna da manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin waɗannan ƙofofi, ba ruwansu da girman ofis ko ƙanƙantarsa. Ta ƙofa ta 445 ce manhajar WannaCry ta yaɗu a watan Mayun 2017, ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila.

Abin da ya dace shi ne ya kafa miki VPN, kamar WireGuard ko OpenVPN, wanda zai haɗa kwamfutarki da ofis ta ɓoyayyiyar hanya, ta yadda ko da intanet ɗin otal kika hau, mai leƙen asiri ba zai iya karanta abin da yake wucewa ba. Idan rautar ofis mai amfani da layin waya ce, sau da yawa ba a iya riskar ta daga waje, sai a nemi tsayayyen adireshin intanet, wanda ba ya canzawa, wurin kamfanin da yake ba ku intanet.

Sai dai VPN kaɗai bai wadatar ba, kuma nan ne na fi so ki sa ido. A shekarar 2021, da kalmar sirrin wani tsohon asusun VPN, wanda ba a ɗora masa tantancewa ta biyu bayan kalmar sirri ba, aka kutsa kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka. Saboda haka kowane ma'aikaci ya sami asusunsa, da lambar tantancewa da za ta riƙa fitowa a wayarsa, a kuma taƙaita masa fayilolin da aikinsa ya shafa kawai. Ranar da ya bar aiki, ranar za a rufe asusun, ko da an rabu lafiya.

Ki tuna kuma cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora miki alhakin tsare bayanan mutanen da suke hannunki. A riƙa ajiye kwafin fayilolin a faifan da ba ya haɗe da sabar, a kuma ɗora sabar da rautar a kan inbata, domin idan aka ɗauke wuta a Wuse kina Jos, babu VPN ɗin da zai buɗe miki komai.