Tambayoyinku: Faifan Biki, Filashi da Kwamfutar da Aka Bari a Gida

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, dukansu daga cikin garin Sakkwato. Ta farkon ta fi taɓa ni, don abin da ya sami Hajiya ya taɓa samuna.

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Bikin ɗiyata ta fari shekara goma sha biyar ke nan da munka yi shi, mai bidiyo ya ba mu faifai biyu. Yanzu jikoki na son su gani, amma in munka sa sai hoton ya riƙa tsayawa yana kakkaryewa. Ko da sauran magani? Daga wata Hajiya, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ja da rai. Da farko ku ɗauke faifan nan daga hannun yara. Faifan da masu bidiyon biki ke bugawa ba irin na kamfani ba ne. Wani siririn rini ne a cikinsa wanda kwamfuta ke ƙona rubutu a kai, kuma rinin nan ba ya shiri da zafi da hasken rana. Mu kuwa nan, daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi ya saba haura 40. Ni da kaina na taɓa barin faifan sunan ɗana a gaban mota na shiga sallar Juma'a, na fito na tarar ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ruwa ya daka. Har yau uwargida ba ta bar yi mini gorin abin ba.

A samo ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau, a ɗan jiƙa shi da ruwa mai tsabta. A goge faifan daga ramin tsakiya zuwa baki, miƙe, kada a bi zagaye. Rubutun da ke ciki a zagaye yake tafiya, don haka ƙarzuwar da ta bi zagayen ita ce mai ɓarna. Wadda ta ratsa kuwa, na'ura kan iya cike gurbinta. In ya bushe a sa shi a kwamfuta mai ramin faifai. Sababbin kwamfutoci yawanci ba su da shi, amma akwai na waje da ake jona wa kwamfutar da kebul.

Ba kunna bidiyon za a yi ba, buɗe cikin faifan za a yi. In aka ga folda mai suna VIDEO_TS, to DVD ne, a kwafe ta ɗungurungum. In kuma MPEGAV aka gani, VCD ne, fayilolinsa na ƙarewa da DAT, kuma manhajar VLC na buɗe su. Idan kwafi ya cije a fayil guda, a tsallake shi a kwashi sauran tukuna, sannan a gwada wata na'urar, don wata ta fi wata haƙuri. Bayan nan manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, za ta mai da shi MP4 da kowace waya ke kunnawa. A ajiye a kwamfuta, a ajiye a filashi, a tura wa amaryar ta wancan lokaci nata.

Sai dai Hajiya, in shago za a kai, ku tura jika mai hankali ya tsaya a kai har a gama, ya ga an goge abin da ya saura a kwamfutarsu. Bidiyon biki cike yake da matan mutane.

Tambaya: Malam, ina ɗaukar bidiyon suna da walima. Filashina mai giga 32 ne, ba komai ciki, amma ya ƙi karɓar bidiyo mai giga 6, wai fayil ya yi girma. Jabu aka sayar mini? Daga mai ɗaukar hoto, Arkilla.

Amsa: Ƙanena, kada ka je ka yi rigima da mai shago. Filashinka na kan tsarin ajiyar fayiloli da ake kira FAT32 ne, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, ko da fili ya kai na Idi. Ka sake tsara shi (wato format) zuwa wani tsarin da ake kira exFAT. Yin haka na share duk abin da ke ciki, kuma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT, sai ka gwada kafin ka miƙa wa mai biki. Ni dai da HandBrake zan matse bidiyon ya dawo ƙasa da giga 2, don iyakar abin da WhatsApp ke ɗauka ke nan in ka tura shi a matsayin takarda (wato Document), kuma ta nan ba ya dusashe hoton.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, nakan tafi Kano sarin atamfa a Kantin Kwari in yi kwana uku. Lissafin bashi da na kaya duk suna kwamfutar gida. An ce ana iya shiga kwamfuta daga nesa da waya. Yaya ake yi, kuma ba hatsari? Daga wani Alhaji, Runjin Sambo.

Amsa: Alhaji, ana yi, kuma ba tsafi a ciki. Fuskar kwamfutarku ce za ta bayyana a waya, ku taɓa nan, can gida ta motsa. Windows na da nata tsarin, amma nau'in Windows da ake kira Home ba ya yarda a shigo masa ta wannan hanya, sai nau'in Pro. Shi ya sa na fi ba mutane shawarar manhajar Chrome Remote Desktop: kyauta ce, da adireshin Gmail ɗinku take aiki, kuma za ta nemi ku sa lambar sirri ta aƙalla alƙaluma 6. AnyDesk da TeamViewer ma suna yi, sai dai kyautarsu ta amfanin kai ce, ba ta harkar kasuwanci ba.

Ba manhajar ce ke ba da wahala ba, wuta ce. Dole kwamfutar ta kasance a kunne, da intanet, kuma ba ta yi barci ba. Ku shiga saitin wuta ku hana ta barci in tana jone da caji. In ta tebur ce, aka ɗauke wuta ta mutu, ko an dawo da ita ba za ta tashi ba sai an danna, in ba an gyara mata hakan a saitin BIOS ba, wato saitin da ke kula da tashin kwamfuta. Wannan kam ku bar wa mai gyara. Laftof ta fi sauƙi, musamman in akwai sola. Na'urar intanet ɗin ma ta samu wuta, kuma data kada ta ƙare kuna hanya. Kada a rufe kwamfutar da zane wai don ƙura, zafi zai kashe ta. In kuwa littafin lissafin kaɗai kuke buƙata, ku ɗora shi a Google Drive, ma'ajiyar Google da ke intanet, akwai giga 15 kyauta, ku kashe kwamfutar ku huta.

Batun hatsari, akwai shi. Wanda ya shigo yana ganin duk abin da kuke gani, har saƙon banki in yana buɗe. Akwai 'yan damfara da kan bugo waya su ce daga banki suke, su sa mutum ya sauke AnyDesk ya karanto musu lambar da ta fito. Duk wanda ya kira ku da wannan zance, ku kashe wayar. In yaronku ne zai gyara muku wani abu daga makaranta, ku yi amfani da Quick Assist da ke cikin Windows: lambarsa ta wucin gadi ce, kuna kallon abin da yake yi, kuna rufewa an gama. Lambar sirrinku kuma kada ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya, yaran shago duk sun san su.

Ana gobe tafiya, ku fita waje wurin mai shayi, ku kunna datar waya, ku gwada shiga daga can. In ta ƙi, gida na kusa, ku koma ku duba.