Takabar Kakarku da abin da ya biyo bayanta

'Yata, saƙonki ya iso ni. Allah Ya jiƙan mijin yayarki, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari. Kin ce tsofaffin gidan sun hana ta wanka sai ranar Juma'a, sun ba ta wuƙa ta riƙa riƙewa in za ta zagaya, har waya sun ce kada ta ɗauka in namiji ne ya kira. Kina tambaya ko haka Kakarku ta yi, kuma ko addini ne ya ce a yi hakan. Zan gaya miki abin da idona ya gani, don ni ce babba a ɗakinmu, babanki kuwa yana goye a lokacin.

Baba ya rasu da kaka, a shekarar da aka kashe Sardauna, 1966. Ina da shekara 11. Ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, huɗu a ɗakin Inna. Da aka dawo daga maƙabarta, wata tsohuwa ta tsefe wa Inna kai, ta cire mata 'yan kunne da awarwaro, ta ba ta wani tsohon zane baƙi na saƙi. Wuƙar nan ma an ba ta, 'yar ƙarama, wai don kada mamacin ko iska su kusance ta. Ba ta ɗaga murya, ba ta leƙa ko zaure. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ranar arba'in aka daka gumba aka toya waina aka rarraba. Duk wannan na gani, kuma Inna ta yi shi ba musu, don abin da ta taras ke nan.

To amma ki rarrabe. Abin da Allah Ya ɗora wa matar da mijinta ya rasu yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 234: ta zauna wata huɗu da kwana goma. In tana da ciki, ranar da ta haihu ta fita, ko da kwana kaɗan ne bayan rasuwar, kamar yadda ya faru da Subai'a a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikin kwanakin nan ba ta ado, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba a ɗaura mata aure, kuma a ɗakin mijinta za ta riƙa kwana. Shi ke nan fa. Wanka kullum halal ne, tsabta ma wajibi ce ga mai salla. In buƙata ta kama, kamar asibiti ko wurin aiki, za ta fita da rana ta dawo. Magana da namiji a kan abin da ya dace ba laifi. Wuƙa kuwa al'ada ce tsantsa, kuma in aka ƙudurta cewa ita ke tsare mutum, an shiga wuri mai hatsari. Ni kaina sai da na shiga Islamiyya da girmana na san wannan, na koma na gaya wa Inna. Ta yi shiru, can ta ce da ta sani da ba ta sha ƙaiƙayin kan nan ba.

Sai dai, 'yata, in gaya miki gaskiya, takaba ba ita ce wahalar ba. A kwanakin nan gida cike yake da mutane, wannan ta aiko da tuwo, wancan ya aiko da damin gero. Ranar da ta fita aka yi mata kitso da lalle, ƙannenta suka kawo sabon zane, aka yi sadaka. Washegari kowa ya kama gabansa, nan ne rayuwar ta fara.

Aka zo rabon gado. Shari'a ta ba matan mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma su biyun ne za su raba shi. Abin da ya zo hannun Inna tunkiya ce da 'yan dammunan dawa. Gona kuwa ba a raba ba, don gandu ne, Baba da ƙannensa suke nomawa tare. Ɗaya daga cikin baffanninmu ya ce zai riƙe mana rabonmu har maza su girma. Shekarar farko ya aiko da hatsi, ta biyu ya rage, ta uku sai gaisuwa. Kotun alƙali tana nan, amma wace mace ce a ƙauye a wancan zamani za ta kai ƙanin mijinta ƙara? Da an ce ta tona asirin gida, kuma 'ya'yanta ne za su ɗauki tabon.

Maganar aure ma ta taso tun ba a je ko'ina ba, don shekarunta ba su fi talatin ba, kuma a lokacin zawarci mai tsawo abin magana ne. Baffan nan da kansa ya nema, wasu daga waje ma suka aiko. Auren ƙanin miji ba haram ba ne bayan idda, kuma ba dole ba ne, mata da yawa sun yi shi don 'ya'yansu su zauna a gidan ubansu. Inna ta ƙi. Ta san in ta auri bare, dangin uba za su rarraba mu riƙo, wannan gidan gwaggo, wancan gidan baffa, mai shan nono kaɗai za ta tafi da shi ya zama agola. Tsofaffi suka ba ta shawarar auren ɗauki-sandarka, inda mace ke zaune a gidanta mijin ya riƙa zuwa, shi ma ta ce a ba ta lokaci. Lokacin bai zo ba har ta koma ga Allah. Ba ina nufin wadda ta yi aure ta gaza ba ne. Abokiyar zamanta ta yi aure bayan shekara guda, kuma ta yi daidai, 'ya'yanta ba su taɓe ba.

Da me ta riƙe mu? Da hannunta. Kafin asuba ta tashi ta yi dakau, ta surfa wa mutane gero a biya ta da kwabo ko da dusa. Da hantsi ta soya gyaɗa, mu niƙa, ta matse mai ta toya ƙuli-ƙuli. Ni ce mai talla, faranti a ka, gida-gida. In na dawo da sule biyu ranar an yi ciniki, ta ware sisi ta jefa a asusu saboda zubin adashi. Da dare kuma ga fitilar aci-bal-bal, ga mazari da alli, tana kaɗi har mu yi barci da ƙarar mazarin a kunne. Zaren take tarawa a kai wa masaƙa ranar kasuwa. Wannan sana'ar a idonmu ta mutu, don tun da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 yadin kanti ya riƙa korar saƙin hannu, kuɗin zare yana ta faɗuwa. Ga farin 1973 ya zo, shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira, mudun gero ya gagari talaka. Bayansa da shekara biyu cuta ta cinye gyaɗa, ƙuli-ƙulin ma ya tsaya. Sai ta koma daddawa da fura. Akwai daren da ta ɗora tukunya da ruwa zalla tana ta iza wuta, don ƙanana su ga hayaƙi su yi barci da sa rai. Na gane, ta ga na gane, ba wadda ta ce uffan.

Da kuɗin adashin nan ta haɗa mini kwanoni da tasoshi na aure, da shi ta sayi akuyar da aka yi ta kiwo har ta biya wa babanki kuɗin littafi da kayan makaranta. Haraji ma, da yayan babanki ya isa, ita ta riƙa biya masa kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a Kano a 1979. Ki tambayi babanki wannan, ya sani, ko da yake ba ya son tayar da zancen.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi. Kada ki yi wa tsofaffin nan gardama a gaban mutane, su ma ƙauna ce ta sa su, haka aka yi musu. Ki samu malamin da suke jin maganarsa ya yi musu bayani cikin ladabi, yayarki ta yi wankanta, ta amsa wayarta, ta ajiye wuƙar. Sannan ki gaya wa babanki, kafin kwanakin su cika a zauna a rubuta abin da mamacin ya bari, gida da fili da bashi, da shaidu, a san rabon kowane yaro da wanda zai riƙe shi. Ku kuma tsara wanda zai ɗauki kuɗin makarantar yaran tun yanzu da zukata ke da taushi. Maganar aure kada kowa ya matsa mata, kada kuma kowa ya hana ta.

In Allah Ya kai mu Asabar ina tafe, zan kwana biyu a wurinta. Ki gaishe da mamanki.

Gwaggonki.